Kokon Goggo Zalia

Salaga, 6 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Mudassira, malamar makaranta a Bawku,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zaman garinku da dokar hana fita? Allah ya kawo muku sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da take tashi duk damina. Sabuwar doya ta shigo, kasuwa ta buɗe, alhamdu lillahi.

Na ga kiranki ban ɗauka ba. Ba lalacewa wayar ta yi ba. A rumfa nake yini, kunnuwa sun fi buhuna yawa, maganar nan kuwa ba ta tsakiyar kasuwa ba ce. Ban da haka, in kika fara magana a waya ba kya barin mutum ya sa baki, sai ka ce ina cikin 'yan ajinki. A takarda dole ki jira in gama.

Maganar Goggo Zalia ce. A bakin wata mai sayen doya daga Yendi na ji, a gaban mutane. Ke kuwa an ce Goggo da kanta ta kira ki. Ba komai. Kakana da kakanki wa da ƙane ne, Goggo ta riƙe mu duka biyu a ɗaki ɗaya, amma ni na fara zuwa hannunta. Ni na yi shekaru ina ɗaukar tukunyar kokonta a ka, ke kina ɗaukar jakar makaranta. Yanzu wuta ta tashi, mai jaka aka nema.

Ga abin da na ji, in da ƙari ki faɗa mini. Firdaus, matar Rafiu mai gyaran babur da ke katanga ɗaya da Goggo, ta haihu, zazzaɓi ya kama ta, tana sambatu tana kiran "Mma Zalia, Mma Zalia." Uwar mijin ta ce an kama mata kurwa. Kafin azahar unguwa ta ɗauka: tsohuwa ce, ba ta taɓa haihuwa ba, miji ya mutu, ga kokonta yana ƙarewa kafin na kowa. An jefi ƙofarta da duwatsu. Samari suna cewa a kai ta Gambaga, inda ake tara tsofaffin da aka yi wa ƙazafin maita.

To wa yarinyar za ta kira in ba Goggo ba? Tun da aka kawo ta unguwar, Goggo ce uwarta, Goggo ce ubanta. Abin da ba ta yi mana ba shi take yi wa 'yar mutane, ga sakayyar nan.

Zan je in ɗauko ta. Ina da ɗaki, ina da abinci, a Salaga kuma babu mai ɗaga mata yatsa. Ba shawara nake nema ba, sanar da ke nake yi.

Yayarki,
Latifatu

*

Bawku, 10 ga Agusta

Yaya Latifa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ta hannun Hussein direban lorin awaki, ta hannunsa kuma wannan za ta zo. Muna lafiya. Makaranta rabin yini muke yi, kafin la'asar kowa ya kama gidansa. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Abin da kika ji haka yake. Ƙarin da zan yi shi ne sun fasa tukunyar koko, kuma Goggo ta kashe wayarta saboda masu kira suna zagi.

Yaya, don Allah kada ki ɗauko ta. Ki karanta wannan da sanyin rai. Duk tsohuwar da aka yi wa wannan ƙazafi ta bar gari, shi ke nan ta sa hannu a kan laifin da ba ta yi ba. Za a ce gudu ta yi. Ba za ta ƙara taka Yendi ba.

Goggo ba alfarma take nema a wurin 'yan unguwa ba. Haƙƙinta ne. Abin da nake koya wa yara kullum ke nan, yana nan a babi na biyar na kundin tsarin mulkin ƙasarmu. Sashe na goma sha biyar ya ce mutuncin kowane mutum ba abin taɓawa ba ne, ba a azabtar da shi, ba a wulaƙanta shi. Na sha takwas ya ce mutum yana da ikon mallakar dukiyarsa, ba a kutsa masa gida. Na ashirin da ɗaya ya ce kowa yana da 'yancin zama da yawo inda ya ga dama a Ghana. Na ashirin da shida ya hana duk wata al'ada da ke zubar da darajar ɗan Adam. Bai ce ban da tsohuwa ba, bai ce ban da wadda ba ta haihu ba. Waɗanda suka yi jifa su ya kamata su ji tsoro.

Na kai ƙara ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, za su tuntuɓi Sarkin Zongo, shugaban unguwarsu Goggo a Yendi. Da hanya tana da kyau da na tafi da kaina, amma yanzu mota ba ta fita garin nan sai da rakiyar jami'an tsaro, kuma shugaban makaranta bai ba ni izini ba.

Maganar gidan kuwa ni da Goggo mun gama ta tun Babbar Sallah, ta yarda da abin da na ce, kada ki damu kanki. Ke dai ki bar ta inda take.

Ƙanwarki,
Mudassira

*

Salaga, 14 ga Agusta

Malama,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda take, ruwan ɗumi ba sabon ilimi ba ne a wurina.

Na karanta darasinki daga sashe na kaza zuwa sashe na kaza, ina cewa yarinyar nan tausayi ne ya kama ta. Sai da na kai layin ƙarshe na ga inda aka dosa. "Maganar gidan mun gama ta tun Babbar Sallah." Ashe! Shi ya sa da Sallah kika tafi Yendi ba ki gaya mini ba. Shi ya sa ake son tsohuwa ta zauna cikin ruwan duwatsu, kada gida ya zama kango kafin magajiya ta iso. Biri ya yi kama da mutum.

Ni ba gida nake nema ba. Ina da nawa, da gumina na gina shi, ba da alli ba. Amma rufin kwanon da ke kan gidan nan ni na sa shi. Sanda mijinta ya kwanta ciwo ni na bar kasuwa na zauna da su, ke kina jarrabawa. A ce an gama maganar gida ba a ko yi mini tayi ba, in ce ba na so? Abin da ya ci mini rai ke nan.

Ki ce mini, sashe na nawa ne zai tare dutse in an jefo shi? Wanne ne zai kwana a bakin ƙofarta? Ke kina Bawku kin kulle ƙofarki tun la'asar, kina aika wa tsohuwa jarumtaka a cikin ambulan.

Ranar Juma'a zan bi lorin da ke kai doya Yendi. Kada ki wahalar da kanki da kira.

Latifatu

*

Bawku, 17 ga Agusta

Yaya Latifa,

Ina fatan kina lafiya. Ni ban yi barcin kirki ba tun da takardarki ta zo. Na yi ta kiranki ba kya ɗauka, na kira 'yarki Asana ta ce kin hana ta sa baki.

Wallahi ba ki fahimce ni ba. Gidan har yanzu sunan marigayi mijin Goggo ne a kansa, danginsa kuma sun fara zagaye. Abin da na ce mata da Sallah shi ne ta mayar da shi sunanta, ita Zalia, ba Mudassira ba, ba Latifatu ba. Da fari ta ƙi, ta ce kunya, daga baya ta yarda. Maganar ke nan gaba ɗayanta. Laifina ne da na rubuta ta a dunƙule. Me zan yi da gida a Yendi, ni da ko nawa ban gama ba?

Mutanen hukumar sun amsa, sun ce Sarkin Zongo ya yarda a zauna mako mai zuwa, amma dole Goggo tana gari. In kina son taimakonta, ki je ki zauna tare da ita a gidan. Ke ana jin tsoron bakinki, babu yaron da zai yi jifa kina zaune a ƙofa. Ki je, amma kada ki fito da ita.

Allah ya sa wannan ta riske ki kafin Juma'a.

Mudassira

*

Salaga, 3 ga Satumba

Mudassira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan jiki lafiya.

Takardarki ta ranar goma sha bakwai jiya ta zo. Hussein ya ce an tsare motoci, ya yi kwanaki yana jiran rakiya, har awaki biyu suka mutu masa. Na karanta. To, na ji maganar gida. Da kin rubuta ta yadda mutane ke magana da ba a kai nan ba. Ke da kike koyar da yara, layi ɗaya ya gagare ki.

Goggo tana nan wurina tun waccan Juma'ar. Na same ta a tsakar gida tana tsince tsingaron tukunya, ta rame, ta toshe taga da buhu. Na ce ta tashi mu tafi, ta ce ba inda za ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ce mini, "Malama ta ce in zauna." Mudassira, da ta ce Allah ya ce, ko liman ya ce, da na haƙura. Sai na ce mata Asana tana kan gwiwa, haihuwa ta zo da gardama, tana kiran sunanta. Ko mayafi ba ta canza ba ta hau motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku, muka nufi tasha. Da muka iso ta ga Asana tana wanki da cikinta wata shida, ta dube ni, ta kau da kai. Har yau fushi take yi da ni.

Yanzu ga abin da ya biyo baya, gara ki ji daga bakina. Bayan tafiyarmu da 'yan kwanaki Firdaus ta tashi, har tana shayar da ɗanta. Unguwa ta ce ga shaida nan, mayya ta bar gari kurwa ta dawo. An sa wa gidan Goggo kwaɗo. Dangin mijin sun ce su ba za su bar gidan ɗan'uwansu a hannun mai wannan suna ba. Zaman da aka shirya a gaban Sarki ya watse tunda babu mai ƙara.

Na san abin da za ki ce, kada ki ce shi. Tana da rai, babu tabon dutse a jikinta, wannan aikina ne, ba na kundinki ba.

Sai dai ba ta cin abinci. Na yi mata sakwara da sabuwar doya, na yi tuwo miyar kuka yadda take so, ta taɓa ta ture. Kullum da asuba sai ta tashi kamar za ta dama koko, ta tsaya a tsakar gida, ta koma ta zauna. Sau biyu tana tambayar yara hanyar tasha. Na ɗauke takalmanta da ɗan kuɗin da ke bakin zanenta, na kuma ce wa masu lodi kada wanda ya ɗauke ta. Don amfaninta na yi.

Jiya na ji tana tambayar Asana ko an sami labarin Malama. Ni da nake gabanta da kwanon abinci ba ta tambayi gwiwata ba.

Latifatu

*

Salaga, ranar Litinin

Mudassira 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da jikokina. Ni ce Goggonki Zalia da hannuna, ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne kuma ido ya yi rauni. Zan ba Hussein in ya zo ɗaukar doya, Latifa ba ta sani ba.

Lafiyata ƙalau. Ana ba ni abinci, ana ba ni ruwan wanka mai zafi. Akuyar da za a yi layya da ita ma ana yi mata haka, amma da igiya a wuyanta.

Kin ce mini doka ta ce kowa ya tafi inda yake so. To ki tambayar mini dokar, wannan magana a kan maƙiya kaɗai take, ko har da masoya? Can an ce ba zan zauna ba, nan an ce ba zan fita ba. Duka biyu babu wanda ya tambaye ni.

Ke ma ina da magana da ke. Kin ce in zauna doka tana bayana. Na zauna. Ranar da dutse ya fasa tukunya na waiga ban ga doka ba, ke ma ban gan ki ba. Latifa ƙarya ta yi mini, amma da ƙafarta ta zo. Ban faɗa mata haka ba don kada kanta ya ƙara girma.

Ke na fara kira don na san halin 'yar'uwarki. In ta ji za ta zo da wuta, ni kuwa ruwa nake nema. Ba don na fi son wata ba. Kun girma, kun haifa, har yanzu kuna auna ni kamar tsokar nama a kwano ɗaya. Na gaji.

Ina so in koma gidana. A ɗakin nan mijina ya cika, a nan nake so a ɗauke ni. Kuma ina so in tsaya a gaban mutanen unguwa in ce ni ba mayya ba ce, su ji da kunnensu, ko sun yarda ko ba su yarda ba. Sannan yarinyar nan Firdaus, an ce ta tashi. Na yi sujada da na ji. Ban ga jaririn ba tun ranar suna.

Ki yi abin da za ki yi.

Goggonki

*

Bawku, 12 ga Satumba

Yaya Latifa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Asana da cikinta. Mu nan an ɗan sassauta dokar, amma hanya tana nan yadda take.

Goggo ta rubuto mini. Na san wannan ma zai ɓata miki rai, amma ba zan ɓoye ba. Ba ke kaɗai ta wanke ba, ni ma ta wanke ni tas, har na rasa inda zan sa fuskata.

Yaya, ki mayar mata da takalmanta. Abin da kika yi da abin da 'yan unguwa suka yi ba ɗaya ba ne a wurin Allah, amma sashen da ya hana su korar ta shi ne ya hana ki tsare ta. Babbar mace ce da hankalinta. Haƙƙin nata ne, ba nawa ba ne da zan yi ta wa'azi da shi daga nesa, ba naki ba ne da za ki ajiye mata a ƙarƙashin gado.

Tunda kin buɗe maganar jaka da tukunya, bari ni ma in faɗi tawa. Kin ɗauka gata aka yi mini da aka kai ni makaranta? Ni aka tura, ke aka riƙe. Kullum da safe ina fita ina waiwaye, ku biyu kuna bakin wuta kuna dariyar abin da ban sani ba. In na dawo kun gama hirarku. Da aka kai ni makarantar kwana a Tamale ba ta yi kuka ba. Ranar da aka kai ki Salaga gidan miji kwana ta yi ba ta ci abinci ba, ni na gani. Har gobe in ta yi mafarki ke take gaya wa, ni sai in takarda ta zo daga ofis. Yanzu ma ga ta a gidanki kina ganinta safe da yamma, ko da fushi take yi da ke. Ni fushin ma a rubuce yake zuwa mini.

Na sake magana da hukumar. Wata jami'arsu za ta zo Yendi ranar ashirin da huɗu, Sarkin Zongo da liman za su zauna. Jami'ar ta ce in ba a cire kwaɗon da lalama ba, akwai babbar kotu, an buɗe ta ne don irin wannan. Ni ba zan samu zuwa ba, na roƙa an hana. Ke za ki kai ta. Ke za ki zauna a gefenta, ke za ta riƙe wa hannu. Ki ji daɗinki.

Ƙanwarki,
Mudassira

*

Yendi, 20 ga Oktoba

Ƙanwata Mudassira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da iyalinki. Kin ga daga inda nake rubutu. Goggo tana lafiya, ta fara mayar da jiki. Gwiwata ta yi sauƙi, ita take gasa mini. Na bar rumfa a hannun Asana da mijinta, Allah ya sa in tarar da ko buhu ɗaya.

Na daɗe ban ba ki amsa ba don takardarki sai da na yi mako ina fushi da ita. Wai ke aka tura ni aka riƙe. Ban taɓa duban abin ta nan ba, kuma ban ce na yarda ba.

An yi zaman a zauren Sarkin Zongo, ya cika har waje. Jami'ar yarinya ce ƙarama, da na gan ta na ce wannan ce za ta karɓo mana gida? Ta buɗe littafi ta karanta da Turanci, ta fassara da Dagbanci da Hausa. Maganganunki ne sak, mutunci da gida da 'yancin zama, kamar a bakinki ta kwashe su. Liman ya ɗora da nasa a kan zunubin ƙazafi. Uwar Rafiu ta tashi ta ce, "To me ya sa da ta tafi yarinya ta warke?" Ni da na fitar da ita na sunkuyar da kai.

Jami'ar ta juya wurin Rafiu ta ce, "Wane magani ka yi wa matarka?" Ya yi ta murza hula. Can ya ce bayan Mma Zalia ta tafi jikin ya ƙara tsanani, sai ya ɗauke ta a babur ya kai asibiti ba da sanin uwarsa ba, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, aka yi mata ƙarin ruwa da allurai. Sarki ya ce, "Ka san haka ka yi shiru ana sa wa tsohuwa kwaɗo?" Ya ce kunyar uwarsa ya ji.

Sannan Goggo ta ce a ɗaga ta. Na kama ta ta miƙe. Ta ce, "Ni Zalia, a unguwar nan na tsufa. Babu wanda ke zauren nan da bai sha kokona ba, wasunku da hannuna na ba ku a baki. Ni ba mayya ba ce. Ban zo roƙo ba, gidana na zo." Ta zauna. Hannunta yana cikin nawa, na faɗa miki tunda kin ce in ji daɗina.

Sarki ya ce wanda ya sa kwaɗo ya cire da hannunsa, kuma duk wanda ya ƙara jifa shi da kansa zai miƙa shi ga hukuma. Ƙanen marigayi ya cire yana gunaguni. Uwar Rafiu ba ta ba da haƙuri ba, har yau in ta hango mu sai ta tofar da yawu. A gari kuwa abin da ake faɗi shi ne malamar Bawku ce ta ƙwato wa tsohuwa gida. Ni da na sha ƙurar hanya babu mai ambatona, sai dai a ce "waccan da ta sace ta."

Kundinki ya dawo mata da gida, amma bai dawo mata da masu saye ba. Na sayo sabuwar tukunya, ta dama koko, ta soya ƙosai, muka fitar da benci. Babu wanda ya tsaya. Mutanen da suka yi tafi a zaure su ne ke tsallaka titi. Kullum ni ce nake zama a bencin ina sha a bainar jama'a, kofi bayan kofi, har cikina ya ƙi, ragowar mu bai wa awaki. Na ce ta daina, ta ce in ta daina sun yi gaskiya ke nan.

Shekaranjiya da safe muna zaune sai ƙofar gidan Rafiu ta buɗe. Firdaus ce, ta rame kamar sillen kara, da goyo a baya da kwano a hannu. Uwar mijin tana daga ciki tana ƙwala mata kira, ba ta waiga ba. Ta zo ta durƙusa a gaban tukunya ta ce, "Mma, ki gafarce ni. Ina cikin ciwo na kira ki don ke nake so ki zo, ban san abin da kirana zai jawo ba." Goggo ta ce, "Tashi, ƙasa da sanyi, ke mai jego ce." Ta zuba mata koko, yarinyar ta sha a nan bakin titi kowa yana kallo, ta ɗiba da yatsa ta lasa wa jaririn. Kafin rana ta yi zafi masu motokin biyu sun tsaya sun saya. Jiya mutum ya kai goma. Ba kamar da ba, amma tukunya ta yi rabi.

Yanzu ga dalilin takardar nan. Mudassira, yarinyar nan tun ranar ba ta bar gidan ba sai barci. Ita ke tace gasara, ita ke juya ƙosai. Goggo ta kwance jaririn ta goya shi da kanta, tana yi masa waƙar da ban taɓa ji ta yi wa ɗayanmu ba. Jiya ina zaune a tsakar gida na ji ta ce, "'Yata, miƙo mini ludayi." Na miƙe da gwiwar nan tawa, na ɗauko, na juyo, ashe ba da ni take ba.

Ki nemi izini ko ki yi ƙaryar ciwo, ki biyo rakiyar farko da ta fito daga Bawku. Na share miki gefen katifata. Ni kaɗai ba zan iya da yarinyar nan ba.

Yayarki,
Latifatu